Yadda Ɗalibin Jami'a Zai Gane Ana Juya Masa Tunani a Intanet: Jagora Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce ɗalibai ke ta maimaita min da lafuzza daban-daban. Wani ya ce ya tura sanarwar ɗage jarrabawa a zauren WhatsApp na ajinsu, ashe ta bogi ce, ya sha kunya. Wata ta ce ta wayi gari tana jin haushin wasu mutane da ba ta taɓa zama da ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ta rasa inda haushin ya samo asali. Wani kuwa kuɗin rajistarsa ya zuba a wata harkar "zuba kaɗan ka kwashi da yawa". Dukansu abin da suke son sani shi ne yadda mutum zai gane ana sarrafa shi tun kafin aikin gama ya gama.

Kada ka ɗauka karatun jami'a kaɗai zai kare ka. A 2017, Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford a Amurka sun ba rukuni uku aikin tantance shafukan intanet: ɗalibai 25 na jami'ar, malaman tarihi 10 masu digirin digirgir, da ƙwararrun masu tantance labarai 10. Ɗaliban da yawancin malaman sun ruɗu da kyawun shafi da tambari da iya tsara magana. Masu tantance labaran ne suka gano gaskiya cikin ɗan lokaci, kuma ba don sun fi kowa ƙwaƙwalwa ba. Tsari suke bi. Tsarin ne zan shimfiɗa a nan.

Kayan aiki: wayarka, manhajar Google ko Chrome, da ƙaramin littafi ko wurin rubutu a waya. Ba ka buƙatar sayen komai. Datar da binciken hoto ɗaya zai ci ba ta kai ta kallon bidiyon minti biyu a TikTok ba.

Mataki na 1: Auna inda hankalinka ke kwana

Shiga saitin wayarka. A wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da Samsung, nemi "Digital Wellbeing". A iPhone sunansa "Screen Time". Zai nuna maka awa nawa ka yi a kowace manhaja da yawan sanarwar da ta turo maka. Rubuta alƙaluman mako guda ba tare da ka canja ɗabi'arka ba.

A makon, duk dare kafin ka kwanta, rubuta abubuwa uku da ka gani a waya waɗanda suka tsaya maka a rai, da wanda ya wallafa su. Zuwa ƙarshen mako za ka ga cewa asusu biyar ko shida ne ke ciyar da kai yawancin abin da kake kira "ra'ayina".

Hattara: kada ka fara da goge manhajoji cikin zafin nama. Masu yin haka sukan dawo da su kafin kwana uku, ba su kuma koyi komai ba.

Mataki na 2: Kira dabarar da sunanta

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, don sauran matakan a kansa suke tsaye. Duk saƙon da aka tsara don ya juya ka yana taɓa wata jijiya. Idan ka iya faɗin wace ce, rabin ƙarfinsa ya tafi.

Ta farko kuma babbarsu ita ce fushi da tsoro. Manhajojin nan da talla suke cin abinci, tallar kuwa tana buƙatar ka daɗe kana kallo. Na'urar lissafin da ke zaɓo maka abin da za ka gani ba ta san gaskiya ko ƙarya ba. Abin da ta sani shi ne inda yatsanka ya tsaya. Mutum kuwa ya fi tsayawa a kan abin da ya tayar masa da hankali. Wani bincike na masanan jami'ar MIT ta Amurka da aka buga a 2018, wanda ya bi diddigin labarai kusan 126,000 a Twitter (wadda yanzu ake kira X), ya gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu yaɗawa da kashi 70 cikin 100, kuma mutane ne suka fi yaɗa shi, ba na'urori ba. Saboda haka idan ka karanta abu ka ji ƙirjinka ya yi zafi nan take, ka ɗauki zafin a matsayin alamar tsayawa.

Ta biyu gaggawa ce. "Za a rufe shafin ƙarfe 12 na dare." "Yi maza ka kalla kafin su goge." "Saura gurbi 20." Manufar ita ce a hana ka lokacin tambayar wani. Ka tuna da watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da aka yi ta kiran 'yan uwa da tsakar dare ana cewa su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha kafin gari ya waye. Mutane sun mutu, wasu sun kwanta asibiti. Sharaɗin "kafin asuba" shi ne ya hana mutane tunani.

Ta uku ita ce nuna maka cewa kowa ya riga ya yarda, kai kaɗai ka rage. Dubban masu tsokaci da bakinsu ya zo ɗaya, maudu'in da ya mamaye X cikin awa guda, hotunan alat na banki daga "waɗanda suka ci". Ana sayen mabiya, ana sayen tsokaci, ana kuma haɗa hoton alat a waya cikin minti ɗaya.

Ta huɗu aron riga ce: tambarin BBC Hausa a kan labarin da BBC ba ta taɓa bugawa ba, kan takardar ofishin magatakardan jami'a a kan sanarwar da wani ya buga a ɗakin kwanansa, "wani babban likita ya ce" ba suna ba asibiti. A wurinmu rigar da aka fi ara ita ce ta addini. Za a ɗauko ƙarya a rufe ta da aya, a ƙare da "don girman Allah ka tura wa mutum goma". Mai imani sai ya ji nauyin ƙin turawa. Ka tuna cewa addinin da ake roƙonka da shi ne ya ce, a aya ta 6 ta Suratul Hujurat, idan aka zo da labari a yi bincike, kuma hadisi ya tabbata cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Ta biyar ba ta da hayaniya, kuma a ganina ta fi sauran illa ga ɗalibi: maimaitawa. Abin da ka ji sau goma yakan zauna maka kamar gaskiya ko da ba a taɓa kawo maka hujja ba. Haka maganar cewa Shugaba Buhari ya rasu an sauya shi da wani Jibrin daga Sudan ta yi ta yawo, har a Disamban 2018 shi da kansa ya fito a ƙasar Poland ya ce shi ne dai ba wani ba. Akwai masu digiri da suka gaskata ta. Ba hujja suka gani ba, yawan ji ne.

Ta shida ita ce "mu da su": Arewa da Kudu, wannan ƙabila da waccan, wannan ɗariƙa da waccan ƙungiya, har maza da mata. Alamarta ita ce laifin mutum ɗaya a ɗora wa al'umma guda.

Yawancin saƙonni kan haɗa biyu ko uku. Gwada da saƙonni biyar na ƙarshe da aka turo zauren ajinku, ka rubuta dabarar da ke cikin kowanne.

Mataki na 3: Sa wa kanka wa'adi

Minti goma kafin ka tura ko ka yi tsokaci a kan abin da ya taɓa maka zuciya. Kwana ɗaya cur kafin ka biya kuɗi ko ka cika bayananka a wani shafi. Idan abin gaskiya ne, zai jira ka.

A WhatsApp, dubi saman saƙon. Kibiya biyu da rubutun "Forwarded many times" na nufin ya bi ta hannaye da yawa kafin ya iso gare ka, kuma wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba.

Mataki na 4: Bar shafin, ka binciki mai maganar

Wannan shi ne sirrin masu tantance labaran da na ambata a sama. Ɗalibi kan tsaya a cikin shafin yana karantawa daga sama har ƙasa, yana auna ko maganar ta yi ma'ana. Ƙwararre kuwa yakan fice nan da nan, ya buɗe wani shafin, ya nemi abin da wasu ke faɗi game da mai maganar. Maƙaryaci ya iya tsara gidansa. Abin da ba ya iyawa shi ne tsara bakin maƙwabta.

Ga yadda za ka yi. Kwafi sunan shafin ko mutumin ka saka a Google, ka haɗa da kalmar "fake" ko "scam" ko "damfara". Sannan ɗauki jimla ɗaya daga labarin ka nema. Idan babban lamari ne, kamar rufe jami'a ko yajin aikin ASUU ko rasuwar wani sananne, ba zai yiwu a ce BBC Hausa da Aminiya da Premium Times da DW da RFI duk sun yi barci ba, wani shafi mai suna "Labarai Da Ɗumi-Ɗuminsu" kaɗai ya farka. Duba kuma ko masu tantancewa irin su Dubawa, Africa Check, FactCheckHub ko sashen tantancewa na AFP sun riga sun yi aiki a kai.

A Facebook, shiga shafin ka nemi "Page transparency". Zai nuna ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa amfani da su, a manyan shafuka har da ƙasashen da masu kula da shi suke. Shafin da aka buɗe don barkwanci ko hotunan 'yan fim, ya tara mabiya, sannan ana gab da zaɓe ya rikiɗe ya koma na siyasa, wataƙila sayar da shi aka yi. A X dubi watan da aka buɗe asusun da abin da yake wallafawa kafin yau.

Sai tambayar da ta fi kowacce: wa ke biyansa? Mun san sojojin baka a gidajen rediyon Kano tun kafin zuwan wayar zamani, kuma 'yan data, masu yi wa 'yan siyasa yaƙi a intanet, 'ya'yansu ne. A Janairun 2023 wani binciken BBC ya nuna yadda jam'iyyun siyasa a Najeriya ke biyan masu tarin mabiya a asirce don su yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya. Idan ka ga asusu goma sun wallafa magana ɗaya, kusan kalma da kalma, cikin rabin awa, daga zaure ɗaya aka raba musu ita.

Hattara: shuɗiyar alamar da ke gefen suna ba shaida ba ce cewa mai ita gaskiya yake faɗi. A X da Facebook da Instagram yanzu ana biyan kuɗin wata-wata a same ta.

Mataki na 5: Tantance hoto, bidiyo da murya

"Gani ya kori ji" ba ta aiki a waya. Mafi yawan hotunan da ke tayar da fitina ba haɗa su aka yi ba; na gaske ne, amma daga wata ƙasa ko wata shekara. A rikicin Jihar Filato na Yunin 2018 an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook, daga baya binciken BBC ya nuna cewa wasunsu ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba. A lokacin sun riga sun ƙara wa wutar fetur.

Don hoto: adana shi a waya, buɗe manhajar Google, taɓa alamar kyamara, wato Google Lens, ka zaɓi hoton. Abin da kake nema shi ne wuri mafi daɗewa da hoton ya taɓa fitowa. Idan an ce jiya aka ɗauka a Gusau, kai kuma ka gan shi a wata jarida ta 2016, magana ta ƙare. Shafin TinEye ma yana wannan aikin, har yana jera sakamako daga mafi tsufa.

Don bidiyo: tsayar da shi a wurare uku inda hoton ya fito sosai, ɗauki hoton fuskar wayar, ka bi da su ta Lens ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan ma buɗe ido: lambar mota, rubutun allon shago, kakin 'yan sanda, harshen da ake yi a bayan fage, ko damina ce ko rani.

Guntun bidiyon malami ko ɗan siyasa mai daƙiƙa 30 da ya fara a tsakiyar jimla, kada ka yanke hukunci a kansa sai ka nemo cikakken karatun ko jawabin a YouTube ko shafin mai maganar. Sau da yawa malamin yana kawo maganar wasu ne don ya rushe ta, sai a yanke rushewar a bar maganar.

Saƙon murya ya fi komai wuyar tantancewa, shi ya sa masu shirya ƙarya da Hausa suka fi son sa. Ba fuska, ba suna, sai "ni ganau ne ba jiyau ba". Yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira na iya kwaikwayon muryar mutum. Ƙa'idata a nan mai sauƙi ce: muryar da ba ta faɗi sunanta da wuri da rana ba, ba na tura ta.

Hattara: rashin samun hoto a Lens ba ya nufin na gaskiya ne. Yana nufin ba ka samu ba kawai.

Mataki na 6: Idan maganar ta zo kan kuɗi ko takardunka

Ɗalibi na cikin matsi, masu damfara kuma sun sani. Tallafin karatu, bashin karatu na NELFUND, aikin gwamnati, datar kyauta, duk ana yin na bogi.

Dubi adireshin shafin harafi da harafi. Hukumomin gwamnatin Najeriya kan ƙare da .gov.ng, jami'o'i da .edu.ng. Kada ka bi mahaɗin da aka turo. Rubuta sunan hukumar da hannunka a Google ka shiga shafinta, ka ga ko sanarwar na can. Duk shafin da ya ce sai ka tura wa zaure biyar kafin ka ci gaba da cikawa, na ƙarya ne, babu togiya. Lambar sirrin katinka da lambar da banki ke turowa ta tes ba a ba kowa, ko da ya ce daga bankin yake. BVN da NIN kuwa sai a shafin da ka tabbatar da shi.

Harkar zuba jari kuma, tarihi ya isa darasi. MMM ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. CBEX ta ruguje a Afrilun 2025 da kuɗin dubban mutane. Salon bai canja ba: riba mai yawa cikin ɗan lokaci, lada idan ka kawo wani, da mutanen farko da aka biya da gaske don su zama shaida. Wanda zai jawo ka ba baƙo ba ne, abokin ɗakinka ne da ya ci sau biyu, kuma shi ma da zuciya ɗaya yake kiran ka. Nemi sunan kamfanin a jerin waɗanda hukumar SEC, mai kula da harkar zuba jari, ta yi wa rajista a shafinta.

Hattara: takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shaidar rajistar suna ce kawai, ba lasisin karɓar kuɗin jama'a don juyawa ba. Masu damfara sun fi kowa saurin nuna ta.

Akwai kuma asarar da ba ta kuɗi ba. Waɗanda suka kwashe watanni suna dannar fuskar waya a wasan Hamster Kombat a 2024 da fatan samun kuɗi, wasu har cikin lakca, sun ga ɗan abin da aka raba musu a watan Satumba. Lissafa awannin, ka kwatanta da kwas ɗin da aka faɗi a zangon.

Mataki na 7: Sake tarbiyyar shafinka

Koma ga jerin da ka rubuta a mataki na farko. Duk asusun da ka lura kullum da fushi kake barinsa, daina bin sa. Idan ɗan uwa ne ko malaminka da kake jin nauyin cirewa, Facebook na ba ka damar ɓoye shi na kwana 30, ko ka daina ganin rubutunsa kuna nan a abokai, kuma ba zai sani ba.

A TikTok, danna bidiyo ka riƙe, ka zaɓi "Not interested". Idan shafin ya riga ya lalace, shiga saiti, ɓangaren "Content preferences", ka sabunta shi ya koma kamar sabo. Instagram na da irin wannan. A YouTube goge tarihin kallo. Kashe sanarwar duk manhajar da ba mutum ne ke kiran ka ta cikinta ba, ka kuma sa wa manyan masu cin lokacinka iyakar awa a wurin da ka auna su.

Sannan da gangan ka bi mutum biyu ko uku masu hankali waɗanda ba ku yarda da juna ba, masu kawo hujja ba zagi ba. Manufar ba ka canja ra'ayi ba ce. Ka san ainihin abin da ɗaya ɓangaren ke faɗi daga bakinsu, maimakon daga bakin abokan gabarsu.

Hattara: shiga tsokaci don ka zagi abin da ka ƙi, ƙara masa kasuwa ne. Na'urar ba ta bambanta zagi da yabo. Ta ga ka tsaya, gobe za ta kawo maka irinsa goma. Ka wuce kawai, ko ka kai ƙara ta maɓallin rahoto.

Mataki na 8: Zauren aji da gyaran kuskure

Ku yi yarjejeniya tun farkon zango: sanarwar jarrabawa, rajista ko sauyin ɗakin lakca, wakilin aji kaɗai ke sakawa, tare da hoton allon sanarwa na sashe ko adireshin shafin jami'a. Zai fi kyau a raba zaure biyu, na sanarwa wanda shugabanni kaɗai ke rubutu, da na hira. Shugaban zaure a WhatsApp na iya goge saƙon kowa, don haka ya yi amfani da damar.

Idan abokinka ne ya turo ƙarya, bi shi ta gefe: "Malam, dubi wannan, kamar hoton nan tsoho ne." Ka haɗa masa da hujjar, ka bar shi ya janye da kansa. Wanda aka kunyata a gaban mutum 200 zai kare ƙaryar ko da ya gane. Idan babba ne, kawu ko gwaggo a zauren dangi, sai ka sa shi a siffar tambaya: "Kawu, na ga wata jarida ta ce ba haka ba ne, ko za a duba mana?"

Idan kai ne ka tura, goge shi ga kowa, ka kuma rubuta gyara a duk wurin da ka kai shi, don waɗanda suka riga suka karanta ba za su san dalilin gogewar ba. Kada ka manta akwai doka: an sha kama mutane a Najeriya, har da ɗalibai, ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, saboda abin da suka wallafa. "Turo min aka yi" ba ta cika fitar da mutum ba.

Wannan tsarin kuma shi za ka ɗauka zuwa aikin makaranta. Alƙalumman da ka gani a zaren X ko a bidiyon TikTok, kada su shiga kundinka sai ka nemo rahoton asali daga inda aka ce sun fito, ko Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ko Babban Banki ko wata mujallar bincike. Haka ma amsar da ChatGPT ko makamancinsa ya ba ka: yakan ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara waɗanda babu su. Saka kowane suna a Google Scholar ko kundin laburaren jami'arku. Wanda bai fito ba, cire shi kafin ka miƙa wa malamin da ke duba aikin.